FADAMAR BADE DA NGURU: RUWAN DA KE CIYAR DA MU DAGA NESA

Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya



Da yawa daga cikinmu nan Kurmi da bandar kifi da shanu muke cin abinci. To, jama'a, wani kaso na wannan kaya daga fadamar Haɗeja zuwa Nguru yake fitowa, inda Kogin Haɗeja da na Jama'are ke malala kafin su haɗu su zama Kogin Yobe, ya gangara Tafkin Chadi.

A shekarar 1991 Gwamnatin Tarayya ta kafa gandun ƙasa na yankin Tafkin Chadi, ta sa fadamar Bade da Nguru a ciki. Can ne Dagona take, a Jihar Yobe, matattarar tsuntsaye. Akwai dinya da kirinjijiya da zalɓe, ga goruba ko'ina. Idan hunturu ya shigo, sai agwagin ruwa su ƙetaro hamada tun daga ƙasashen Turai su sauka. Baƙi ne kamar mu, su ma neman abinci ya kawo su. Har mijin Sarauniyar Ingila, Yarima Philip, ya je ya gani a 1989. Ba nisa kuma ga Gorgoram, tsohon birnin Badawa mai ganuwa, inda ake bikin su.

Amma fa ruwan ya ja baya. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadama ta ragu. Ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa, jan baki ya samu maɓoya a cikinta yana cinye gero da shinkafa. Masunci ya rasa kifi, makiyayi ya rasa ciyawar rani, mu kuma a nan kaya ya yi tsada.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. Na farko, ƙungiya ta rubuta wa wakilanmu na majalisa su matsa a riƙa sakin ruwan madatsu a kan kari, a kuma share kacala. Na biyu, duk mai zuwa ganin gida da sanyi ya ɗauki yaransa da aka haifa a nan, ya kai su Dagona su gani da idonsu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.