Rabon RAM a Na'urar Kama Fakitin Sadarwa



Na'urar da za mu tattauna a kanta a gefen layi take zama, tana kwafar duk fakitin da ya gifta, domin ranar da aka yi kutse ko sadarwa ta rikice a sami abin dubawa. Fakitin da ya kuɓuce mata ya tafi ke nan. Babu mai sake aiko mata shi, tunda ba da ita ake hirar ba.

Mu fara da lissafi. Layin gigabit 10 idan ya cika yana ɗauke da gigabait 1.25 kowane sakan. In ƙananan fakitoci ne masu bait 64, adadinsu ya kai miliyan 14.88 a sakan, rabon kowanne kuwa nanosakan 67 kacal. Katin sadarwa yana da jerin gurabe inda yake sauke su, kuma a katunan Intel da yawa iyakarsu 4096. Kafin sulusin milisakan sun cika. Manhajar tcpdump, wadda Van Jacobson da abokan aikinsa suka rubuta a 1988, megabait 2 na RAM take samu a Linux in ba ka ƙara mata ba, abin da ba zai riƙe milisakan biyu ba.

Da mutum ya ji haka sai ya ce a ƙaro RAM. To, a nan ake yin kuskure. RAM lokaci kawai take saya maka. Randa ce a ƙarƙashin indararo: tana tare ruwan da ya sauko da ƙarfi na ɗan lokaci, amma in zubarsa ta fi kwasarsa, komai girmanta sai ta tumbatsa. A ce layi yana kawo gigabait 1.25 kowane sakan, faifan ajiya kuma 1 yake iya rubutawa. Ko ka ware gigabait 64, cikin minti huɗu da 'yan sakanni ta cika, asara ta fara. Maganin wannan yana wajen faifai, ko wajen tace abin da ake kamawa tun daga bakin kati.

Saboda haka rabon yana da tsari, kuma wurin saukar fakiti ne kan gaba. A ware masa kasonsa tun na'ura tana tashi, a kulle shi, kada tsarin aiki ya taɓa kwashe shi zuwa faifai. Dalilin da ya sa manhajar sarrafa fakiti ta DPDK ke neman manyan shafuka na megabait 2 ko gigabait 1 maimakon na kilobait 4 shi ne rage wa furosesa wahalar neman adireshi. Ga wani abu kuma da ake yawan mantawa: a sabar mai furosesa biyu, kowanne da RAM ɗinsa na kusa. Ka ajiye fakiti a ɓangaren da ba nan katin yake ba, ka ƙara wa kowane fakiti tafiya.

Sai masu bincike. Manhajar gano kutse ta Suricata tana riƙe bayanin kowace hira da ke gudana, tana harhaɗa gutsattsarin TCP, kuma duk an sa musu iyaka a saitinta. In iyakar ta yi kaɗan, za ta bar wasu hirarraki ba ta duba ba. In babu iyaka mai ma'ana, maharin da ya buɗe miliyoyin hirarrakin bogi zai cinye ma'ajiyar, Linux kuma ya kashe manhajar da ta fi ci, wadda galibi ita ce mai gadin.

Rumbun bincike irin Elasticsearch shi ne na ƙarshe. Masu shi da kansu sun ce kada kasonsa ya wuce rabin RAM, kada kuma ya kai gigabait 32. In yana zaune a na'ura ɗaya da mai kamawa, ni a ganina ko rabin ya yi yawa. Jinkirin bincike ana iya haƙuri da shi, shaidar da ta ɓace kuwa ba ta dawowa.

Roƙona gare ku, musamman ɗalibai: kafin ku rubuta takardar neman kuɗin RAM, ku duba adadin fakitin da aka zubar a kati, da a tsarin aiki, da a manhaja, a lokacin da layi ya fi cunkoso. Inda adadin ke hawa, nan gyaran yake.