Matakan Nutsuwar Zuciya a Tafarkin Buda



Maganar da aka ɗora mini yau ta shafi wani fanni na addinin Buda, watau matakai 8 na nutsuwar zuciya, waɗanda ake kira jhana da harshen Pali, harshen tsofaffin littattafansu. Kalmar nan ta sha tafiya, gama a harshen Sanskirit dhyana ake ce da ita, da ta isa ƙasar Sin ta zama chan, da ta ƙetara Japan ta koma zen. Abin da nake so mu riƙe shi ne, kowane mataki da sauke kaya ake hawansa, har da kayan da rai ya fi ƙauna.

Kafin mutum ya taka matakin farko, wajibi ne ya kawar da shamaki guda 5: sha'awa, da ƙiyayya, da kasala, da rashin sukuni, da shakka. Littattafansu sun kwatanta zuciya da ruwa a ƙwarya. Sha'awa kamar rini ce da aka zuba a ciki, ƙiyayya tafasa ce, kasala gansakuka, rashin sukuni iska mai kaɗa ruwan, shakka kuwa laka ce a cikin duhu. Ko wanne ya samu ruwan, mai leƙawa ba zai ga fuskarsa ba.

To, ta yaya ruwan zai kwanta? Wani malami mai suna Budagosa, wanda ya yi rubutu a birnin Anuradafura na Siri Lanka a ƙarni na 5 bayan haihuwar Annabi Isa, ya lissafa abubuwa 40 da za a iya kafa hankali a kansu, a cikin littafinsa Visuddhimagga, ma'ana Tafarkin Tsarki. Alal misali, akwai lura da shigar numfashi da fitarsa. Akwai kuma faifan yumɓu wanda almajiri yake zura wa ido har siffarsa ta zauna masa a zuci ko da ya runtse.

A mataki na farko abubuwa 5 ne suke tare da mutum: ɗora tunani a kan abin lura, da riƙe shi a can, da farin ciki mai tsuma jiki, da daɗi mai sanyi, da haɗuwar hankali wuri guda. An misalta shi da garin sabulu da aka cuɗa da ruwa har ya jiƙe ciki da waje, amma ba ya ɗiga. A na biyu tunanin nan kashi biyu yakan faɗi, zuciya ta zama kamar tafkin da babu rafi mai shigarsa, daga ƙarƙashinsa ruwa yake ɓuɓɓugowa. A na uku farin cikin ma sai a gan shi da hayaniya, a bar shi, saura daɗi tsantsa, kamar bado da ya tsiro ya girma a nutse cikin ruwa. A na huɗu daɗin kansa ake ajiyewa. Babu zafi babu daɗi, sai daidaituwar rai da farkawa garau, kamar wanda ya lulluɓa da farin mayafi tun daga ka har ƙafa.

Bayan waɗannan akwai wasu 4 da ake kira marasa siffa. A cikinsu hankali yakan koma kan sarari marar iyaka, sa'an nan kan sani marar iyaka, sa'an nan kan babu, kana daga ƙarshe ya kai wani hali mai laushi ƙwarai wanda ba a iya cewa akwai ji a cikinsa, ba a kuma iya cewa babu. An gargaɗi mai gaggawa da misalin saniyar dutse wadda ta ɗaga ƙafar baya tun ba ta kafa ta gaba ba: ba ta isa sabuwar makiyaya ba, ba ta kuwa komo tsohuwar lafiya ba.

Jama'a, sai mu tambaya, shin wanda ya kai mataki na 8 ya gama ke nan? Tarihin Gotama Buda kansa ya ba da amsa. An haife shi a Lumbini, cikin Nefal ta yau, ya rayu a arewacin Indiya wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa. Bisa ga riwayar mabiyansa, ya bar gida yana da shekara 29, ya yi almajiranci wurin Alara Kalama har ya kai mataki na 7, ya koma wurin Uddaka Ramaputta ya kai na 8. Duk da haka ya yi sallama da su duka biyu, don ya lura cewa idan aka fito daga nutsuwar, kwaɗayi da jahilci suna nan da saiwarsu, kwanciya kawai suka yi. A Bodh Gaya, yana da shekara 35, matakai 4 na farko ya bi, sa'an nan ya juya hankalin da ya wasu ga binciken wahala, da sanadinta, da hanyar yankewarta. Ashe nutsuwa dutsen washi ce, aikin wuƙa yana gaba.

Wannan batu ya raba ra'ayin malamansu a ƙarni na 20. A ƙasar Bama, wadda yanzu ake kira Myanmar, Mahasi Sayadaw, wanda ya rayu daga 1904 zuwa 1982, ya koyar da cewa mutum yana iya shiga binciken da nutsuwa ta ɗan lokaci, ba sai ya hau matakan nan ba. Malaman gidan zuhudu na Pa-Auk kuwa suka fifita a ƙware a matakan tukuna. Amma ba su saɓa ba a kan abu guda: daɗin nutsuwa ma mai gushewa ne, wanda kuwa ya manne masa ya mai da zango gida, alhali gari yana gaba.

Haƙiƙa barin abin da yake cutar mutum kowa ya san hikimarsa. Abin da ya fi wuya, wanda kuma matakan nan suke nema tun daga na biyu har na ƙarshe, shi ne mutum ya saki abu mai kyau da ya sha wahala kafin ya samu.