Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya



Duk wanda ya ga daminar 2022 a ƙasar Haɗeja ya san inda jama'a suka fake da kogi ya yi ambaliya: ajujuwanmu. Aka jingine bencina, aka shimfiɗa tabarmi. Abinci ya iso, amma rabo ya yi wuya, domin ba a san iyalai nawa ke kwana a kowane aji ba, balle yaron da ya rabu da uwarsa.

Wannan aiki namu ne. Mu ke kiran suna kowace safiya, mu muka san gidan kowane yaro, mu muka iya rarrashin mai kuka. Abin da muka rasa shi ne horo.

Ƙungiyar agaji ta Red Cross, wadda doka ta kafa a Najeriya a 1960, tana da reshe a kowace jiha, tana kuma karɓar masu aikin sa kai. Tana koyar da taimakon gaggawa, kamar tsayar da jini da tallafe karaya kafin a kai asibiti.

Mun san albashi ba ya kai mu ƙarshen wata, wasunmu kuma gona na jira. Ba kuɗi muke roƙo ba, lokaci ne. Dogon hutu kan faɗo a Agusta, daidai lokacin da kogi ke cika. Mu nemi horon tun rani.

Takardar rubuta suna tana hannun sakatare. Allah Ya kiyaye mana garuruwanmu da ɗalibanmu.