Tafiya da Cin Abinci a Hanya a Lokacin Annoba



An roƙe ni in yi magana a kan tafiya da cin abinci a hanya sa'ad da annoba ta shigo ƙasa. Mu mutane ne masu yawan tafiya: taron gunduma, taron Zumuntar Mata, jana'iza, biki, ga kuma 'ya'yanmu da suke dawowa gida daga birni lokacin Kirsimeti. Yawancin ikilisiyoyinmu ƙanana ne, suna ƙauyukan da asibiti ya yi musu nisa. In mutum ɗaya ya ɗauko ciwo a tasha ya kawo gida, tsofaffinmu ne za su fara kwanciya.

Kun tuna da shekarar 2020. An sami mai korona na farko a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu, a Legas. A watan Afrilu ta iso Kano, aka rufe gari, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi har zuwa 1 ga Yuli. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin gaggawa a kan cutar, amma ƙwayar tana nan. Ba ita kaɗai ba ce kuma. A 2021 amai da gudawa, wato kwalara, ya kama mutum fiye da 100,000 a ƙasar nan, ya kashe fiye da 3,500, kuma Bauchi, Kano da Jigawa suna cikin jihohin da suka fi shan wahala. A 2023 mashaƙo ya addabi yara a Kano. Waɗannan cututtuka ba hanya ɗaya suke bi ba, wanda ya gane bambancin ya san inda zai yi hattara.

Korona da mashaƙo ta numfashi suke shiga. Mai ciwon ya yi tari, ko magana, ko waƙa, ƙwayar ta fita cikin iska, na kusa da shi ya shaƙa. Saboda haka wurin da ya fi hatsari a tafiya shi ne cikin motar kanta: mutum huɗu a kujerar uku, gilasai a rufe don ƙura ko sanyin hunturu, awa biyar daga Kano zuwa Jos. Ku roƙi direba a sauke gilashi ko kaɗan ne, gaba da baya, domin iska ta ratsa. Ƙura a ido ta fi kwanciya a asibiti sauƙi. Ku sa takunkumi ya rufe hanci da baki, ba a rataye shi a haɓa ba. In ikilisiya ce ta ɗauki hayar bas, dattawa suna da ikon rage yawan mutane, kuma ina ba da shawara a bar waƙar hanya har a sauka. Na san wannan ba zai yi wa mata dadi ba, gama waƙa ce take rage nisan hanya, amma mutum 18 suna rera waƙa a rufaffiyar bas numfashin juna suke sha.

Yanzu ga maganar abinci, inda na fi so mu daɗe. Ba mai cin tuwo da takunkumi. A lokacin cutar numfashi, gidan abinci mai na'urar sanyaya ɗaki, ƙofa a rufe, mutane maƙil, ya fi rumfar mai shayi a gindin bishiya hatsari, ko da yake ya fi ta kyan gani da tsada. Ku sayi abincin ku fita waje ku ci, ko ku zauna bakin taga.

Amma a lokacin amai da gudawa lissafin ya juya. Iska ba ta ɗauke da wannan ciwo, ta ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa yake shiga. A nan tambayar ita ce: abincin nan da zafinsa yake? Tuwo da miya da aka sauke yanzu, shayi mai tafasa, ƙosai ko waina daga kasko, tsire da aka ɗauko daga wuta a gabanka, duk wuta ta yi aikinta. Abin gudu shi ne wanda wuta ba ta taɓa ba ko ya daɗe a ajiye: latas da kabeji, yankakken kankana, zoɓo da kunun aya da ba a san ruwansu ba, ƙanƙarar da aka jefa a fura, shinkafar da aka dafa tun safe ƙuda na bi. Ayaba da lemo da za ka ɓare da hannunka ba laifi. Ruwan sha kuwa, ku tafasa naku a gida ku ɗauko a gora.

Akwai abu ɗaya da muka saba da shi har ba ma ganinsa: kwanon wanke hannu guda da ake ajiyewa a teburi, kowa ya tsoma. Mutum na goma ba wanke hannu yake yi ba, dattin mutum tara yake ɗauka. A zuba ruwa daga buta, da sabulu, a cuɗa hannu kamar daƙiƙa 20. Ɗan guntun sabulu a aljihu ba nauyi gare shi ba. Wannan ya shafi wurin girkin taronmu ma, inda ake ciyar da ɗaruruwan mutane daga randa ɗaya da moɗa ɗaya. Masu shirya taro su sa mutum guda ya tsaya a kan ruwa kawai, kamar yadda ake sa wani a kan kuɗi.

Na san kunya tana hana mu. Ka sauka gidan ɗan'uwa, an kawo maka ruwan maraba, ƙin sha kamar raini ne. Ana iya cewa cikin ladabi, "Baba, ciki ne ba ya so, a taimake ni da shayi." Haka kuma wanda ya tashi da zazzaɓi ko tari ranar tafiya, ya zauna a gida ko da shi ne mai jawabi, ko da jana'izar dangi ce. Dattawa, ku ne za ku sauƙaƙa wannan, ta wurin daina tuhumar wanda bai zo ba.

In an dawo, a lura da jiki. Korona takan ɗauki kwana 2 zuwa 14 kafin ta nuna, don haka wanda ya fito daga garin da take yawo kada ya je ya zauna ɗakin kaka a kwanakin nan, ya gaishe ta a tsakar gida. Amai da gudawa yakan bayyana cikin awa 12 zuwa kwana 5, kuma yana iya kashe babban mutum cikin sa'o'i saboda ƙarewar ruwan jiki. Da zawo mai kama da ruwan shinkafa ya fara, a haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, cokalin shayi 6 na sukari, rabin cokalin shayi na gishiri, ba a tula cokalin ba. A riƙa ba shi kaɗan kaɗan ko yana amai, ana kan hanyar asibiti. Kada a jira gari ya waye. Lambar hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ita ce 6232, kyauta ake kira. Ina roƙon kowane magatakardan ikilisiya ya rubuta ta tare da ma'aunin nan a jikin allon sanarwa kafin taro na gaba.