Kuɗin gwamnati da masu fasaha: abin da Tawa ta gani tun 1975



Wanda ke son sanin yadda gwamnatin Nijar ke riƙe mawaƙa, makaɗa da ƴan wasan kwaikwayo, ba sai ya je Yamai ba. Tarihin Tawa ya ishe shi. A nan aka yi gasar kokowa ta ƙasa ta farko a 1975, wadda Yakuba Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobinta. Shekara guda ke nan da Seyni Kunce ya karɓi mulki. Kuɗin uraniyom na Arlit suna shigowa, soja kuma suna neman hanyar tara matasa ba tare da jam'iyya ba, sai suka farfaɗo da Samariya. Daga 1976 aka fara bikin matasa na ƙasa, yana zagaya manyan garuruwa. Garin da bikin ya sauka ya kan samu filin wasa da gidan matasa, ƙungiyoyin rawa da na wasan kwaikwayo su samu tufafi, mota da abinci.

Kyauta ce mai igiya. Waƙar da ta ci gasa ita ce wadda ta yi kiran haɗin kan ƙasa, ko dashen itace, ko aikin gayya. Amma gaskiya ɗaya ce: ɗan ƙauyen Keita ko Buza mai murya yana da dandalin da zai hau, har rediyon ƙasa ta ɗauki muryarsa.

Da farashin uraniyom ya faɗi a farkon shekarun 1980, Nijar ta shiga hannun Asusun Lamuni na Duniya a 1983. Duk da haka a 1987, lokacin Tanja Mamadu na perfen Tawa, aka kafa gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, mashahurin makaɗin Adar. Gasar ta fito da mawaƙa da dama, sai dai ta zama kamar ruwan arewacin Adar: bana a samu, baɗi a yi ta kallon sama. Makarantar kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a Yamai a 1989 kuwa, da taimakon Turai ta tashi.

Taron ƙasa na 1991 ya kwance wa masu fasaha baki, ya kuma kawo ƙarshen Samariya. Ba a kafa komai a gurbinta ba. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa, tamman Faransa guda ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, kuɗin jita, amsa-kuwwa da kaset ya ninka. Ma'aikatan da suka yi watanni ba albashi a waɗannan shekaru sun san cewa gwamnatin da ta kasa biyan malamin lakkol ba za ta tuna da mai goge ba. Mawaƙi ya koma inda kakanninsa suka saba: gidan biki, ƙofar alhaji, da taron jam'iyya lokacin kamfe. Fataken Adar na Abijan da Kwatano sun ciyar da makaɗa fiye da ma'aikatar al'adu, amma ɗan kasuwa yabonsa yake saya, ba zai biya kuɗin horon ƴan wasa na wata shida ba.

Da kuɗi suka dawo, da sigar buki suka dawo. An yi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a Yamai a Disamban 2005. An mai da bikin 18 ga Disamba mai zagaya jihohi, Tawa ta karɓe shi a 2007, ta sake karɓa a 2017 da sunan Tawa Sakola, zamanin Mahamadu Isufu, wanda a 2016 ya kafa ma'aikata sukutum ta farfaɗo da al'adu. An shimfiɗa kwalta, an yi gine-gine. Sumunti yana da ɗan kwangila mai bin takardarsa har baitulmali. Mai tsara wasan kwaikwayo a gidan matasa na Albarka Cibau ba shi da kowa. Kokowa ce ta fi samun kulawa a kai a kai, domin tana cika fili, kuma shugabanni na son a gan su suna miƙa takobi.

Tarayyar Afirka ta nemi ƙasashe su ware kashi 1 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga fasaha da al'adu kafin 2030. Ga Adar, yawan kuɗin bai kai muhimmancin yadda ake raba su ba: ko za su zo duk shekara, ko za su wuce Yamai su kai Abalak da Cintabaradan, ko mai sukar gwamnati cikin waƙa zai samu rabonsa.

Mustafa Alasan, wanda ya yi fim ɗin zane «Bon voyage Sim» tun 1966, ya ƙare shekarunsa a Tawa yana riƙe da otel, a cikinsa yake haɗa fina-finansa da abin da ya samu. Ya rasu a Wagadugu a Maris 2015. A Oktoban 2024 hukumomin soja suka cire sunan Jean Rouch daga cibiyar al'adun Faransa da Nijar ta Yamai, suka sa nasa. Kuɗin da Faransa ke zubawa a cibiyar sun tafi tare da tsohon sunan, nauyinta yanzu yana wuyan baitulmalin Nijar.