BA KOWACE ƘURA CE KATSI BA

Laccar da Magatakarda ya yi wa magina da masu buga bulo na Gwarzo da Kabo

Iyayena magina, ku gafarce ni, ni mai alkalami ne, ban taɓa riƙe cebur don neman abinci ba. Abin da ya tsai da ni gabanku shi ne tsadar siminti. A shekarar 2024 buhu ɗaya ya haura naira 10,000. Ana jigo mana shi daga Sakkwato, da Ashaka, da Obajana, kuɗin mota kuwa talaka ke biya. To, ina dabara?

Kakanninmu suna da tasu. Wanda ya je marinar Ƙofar Mata ko ta Kura ya san katsi, watau laka da ke kwanta a gindin rijiyar baba. Sai a kwashe, a shanya, a ƙone, a daka, sa'an nan a kwaɓa da ruwan dafara da gashin jima. Sunansa laso. Da shi a ke shafe rijiyar rini da bisan soro, ruwa ba ya ratsawa. Kun ga sharar wata sana'a ta zama jarin wata.

Masana na yanzu sun bi wannan hanya. Sun gane cewa kadan siminti ya sha ruwa, ya kan saki wata farar ƙasa a cikin kwaɓin. Akwai irin tokar da ke haɗuwa da ita, su daskare tare su zama dutse. A Turai da Indiya suna zuba tokar kwal ta gidajen wuta da kashin maƙera na masana'antar ƙarfe, su rage siminti. Mu nan ba mu da waɗannan, amma muna da ɓuntun shinkafa tuli a bakin injuna. In an ƙone shi sannu har ya yi fari-fari, aka niƙa shi laushi kamar garin siminti, ya kan tsaya a madadin mudu 1 cikin mudu 10. Haka kuma farin dagwalon da masu walda da gas ke zubarwa, farar ƙasa ce, in ta gamu da tokar nan suna kamawa.

Amma ku saurara, ga inda haɗari ya ke. Ƙurar dutse ta injin fasa duwatsu ba ta kama kome. Gurbin yashi ta ke cikewa, ba na siminti ba. Wani ɗan'uwana a ƙasar Kabo ya yi shekara biyu yana tara kuɗin gyaɗa, aka ce masa ƙurar nan ta isa rabin buhu. Ruwan Agusta na farko ya kwantar da katangar. Allah ya kiyaye, yara ba sa gindinta.

Abu na biyu, yawancin simintin da ke kasuwa an riga an gauraya shi da niƙaƙƙen farin dutse tun daga masana'anta. Wanda ya sake rage shi ba awo, ya yi ragi biyu ke nan. Ku duba lambar da ke jikin buhu, 32.5 ko 42.5. Ta biyun ta fi ƙarfi.

Saboda haka roƙona uku ne. Na ɗaya, a yi wannan haɗi a kwaɓin jera bulo da shafe kawai, kada a kai shi ginshiƙi ko dakalin bene. Na biyu, a auna da mudu, kada a auna da ido. Na uku, kwaɓin toka ya kan yi jinkirin ƙarfi, sai a riƙa ba shi ruwa safe da yamma, mako guda ko fiye. Kafin a taɓa ɗakin mutum, a buga bulo biyar na gwaji, a bar su kwana 28, a saki ɗaya daga tsayin kafaɗa a gani.

Mai kwana a ɗakin ba ya nan sa'ad da a ke kwaɓi, amanarsa tana hannunku. Allah ya ba mu sa'a. Wassalam.