Jawabin Bariénou: Mai laifi ya je gaban alƙali, kada a raba ɗan ƙasa da ƙasarsa

Iyayenmu masu gari, malamanmu, iyayenmu mata, samari da 'yan mata na Bariénou, da baƙinmu na Djougou da Parakou, sannunku da zuwa, Allah ya saka da alheri.

Mu fara da addu'a ga mamatanmu. Ranar 8 ga Janairun 2025 an kashe mana sojoji 28 a inda iyakarmu ta haɗu da ta Nijar da Burkina Faso. Ranar 17 ga Afrilu an sake kashe 54 a yankin dajin W, ƙungiyar JNIM kuma ta ce ita ta yi. Waɗannan yara 'ya'yanmu ne. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri.

Saboda zafin wannan rashi, akwai maganar da ake yi a kasuwa da wurin shan shayi: duk ɗan Benin da ya tsallaka Burkina ko Nijar ko Najeriya ya shiga cikin masu bindiga, a ƙwace masa 'yancin zama ɗan ƙasa kawai. Mun san daga ina maganar ta fito, ba mu raina ta ba. Amma jam'iyyarmu ba ta goyon bayanta, ga kuma dalilanmu.

Na farko, ƙwace takarda ba hukunci ba ne. Wanda ya ɗauki bindiga ya shiga daji ba ya yawo da katin ɗan ƙasa, kuma ba a gada yake tsallakowa ba. In ka soke sunansa a Cotonou, yana nan a dajin da bindigarsa. Abin da uwar soja take so shi ne a kamo wanda ya kashe ɗanta, a tsayar da shi gaban alƙali, a kawo shaida, ya sha ɗauri daidai laifinsa. Ku dubi Ingila: a Fabrairun 2019 ta ƙwace ƙasar Shamima Begum, yarinyar da ta tafi Siriya tana da shekara 15, bisa cewa asalin iyayenta Bangladesh ne. Bangladesh ta ce ba tata ba ce. Aka bar ta a sansani a Siriya, Ingila ba ta gurfanar da ita kan abin da ta aikata ba. A Faransa ma shugaba François Hollande ya so ya sa wannan hukunci cikin tsarin mulki bayan hare-haren Nuwamban 2015, ministarsa ta shari'a Christiane Taubira ta ajiye aiki, shi kuma ya janye a Maris ɗin 2016.

Na biyu, wa zai ce wane ne ɗan ta'adda? Mutanen Parakou, ku ba a ba ku labari. An kama Reckya Madougou a Maris ɗin 2021 tana neman takarar shugaban ƙasa. A Disamba kotun CRIET ta yanke mata shekara 20 da sunan ta'addanci, kuma kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya mai duba tsare mutane ya ce tsarewar ba ta bisa ƙa'ida. Da a ce akwai dokar da ke ba minista damar soke ƙasar mutum da sa hannu ɗaya, ina kuke jin za a tsaya? A Nijar an kafa kundin sunayen waɗanda ake zargi da ta'addanci a Agustan 2024. Zuwa Oktoba, waɗanda aka fara janye wa ƙasa mutum tara ne na kusa da tsohon shugaba Bazoum. Dattawanmu kuma suna tuna Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar jihar Borno, wanda gwamnatin Najeriya ta kwashe a 1980 ta jefar a Cadi, wai ba ɗan ƙasa ba ne. Sai da kotu ta maido masa da haƙƙinsa. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na uku, ya shafe mu kai tsaye. A 2011 Benin ta shiga yarjejeniyar duniya ta 1961, wadda ta hana a bar mutum ba shi da ƙasa ko ɗaya, sai a 'yan wurare ƙalilan. Ke nan irin wannan doka za ta fi faɗawa kan wanda ake cewa yana da wata ƙasar. To, wa aka fi yi wa wannan zato? Bahaushen zango ne, wanda kakanninsa suka bi hanyar fataucin goro daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja, suka yada zango a Djougou tun kafin Bature ya ja iyaka. Bafulatani ne da aka haifa a ruga, ba a rubuta haihuwarsa a ofishin magajin gari ba. Matar da aka auro daga Gaya ko daga Togo ce, da 'ya'yan da ta haifa nan. Mutum biyu su yi laifi iri ɗaya: a ɗaure ɗaya a matsayin ɗan ƙasa, a ce wa ɗayan dama can baƙo ne. Daga ranar, duk mai irin sunansa ya zama abin tuhuma a kowane shingen 'yan sanda. Abin da masu bindiga ke gaya wa yaranmu ke nan, cewa ƙasar nan ba tasu ba ce. Bai kamata gwamnati ta gaskata su da hannunta ba.

Tsarin mulkinmu na 11 ga Disamban 1990 ya riga ya yanke magana: sashe na 16 ya hana a tilasta wa ɗan ƙasa gudun hijira, na 17 kuma ya ce mutum ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar.

Ga abin da 'yan takararmu za su tsaya a kai in kun aike su majalisa:

1. Duk wanda ya shiga ƙungiyar masu bindiga, a yi masa shari'a a buɗe, da lauya, da tafinta a harshen da yake ji, da damar ɗaukaka ƙara. In ya zubar da jini, babu sassauci.
2. Ba za mu ɗaga hannu ga dokar da za ta ba shugaba ko minista ikon soke ƙasar mutum ba.
3. Ma'aikatan ANIP da alƙalai su riƙa zuwa ƙauyuka da rugage suna ba da takardar haihuwa kyauta.
4. A buɗe ƙofar tuba ga yaran da aka yaudara ko aka tilasta, bayan an tantance su, kamar yadda Nijar ta gwada a Goudoumaria, Najeriya kuma a Malam Sidi ta jihar Gombe. Yaron da ya san babu gidan komawa ba zai ajiye bindiga ba.
5. A biya iyalan sojojin da suka mutu haƙƙinsu kan lokaci, a ɗauki karatun marayunsu.

Ku ma da naku aikin. Baba, Inna, ku duba takardun gida a wannan makon. Yaron da ba shi da takardar haihuwa, a fara nema masa. Duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'arku, har da namu, ku tambaye shi a gaban jama'a: in aka kawo wannan doka, ina za ka tsaya? Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku zo da maƙwabta.

Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, ya maido da 'ya'yanmu kan hanya. Wassalamu alaikum.